Mu Karanta Kafin Mu Sa Hannu



Wasunmu mazajenmu na ci-rani a Saudiyya, kuɗin cefane in ya biyo hannu sai ya iso da giɓi. Shi ya sa muke buɗe asusun banki ɗaya da maigida, kowa da NIN da BVN ɗinsa. To amma mu tambaya: sa hannun mutum ɗaya ke fitar da kuɗi, ko sai mun haɗu? In sai mun haɗu, yana Jidda, yaro ba lafiya, ya ke nan? Kuɗin ƙungiya kuwa amana ne, kada ya shiga ciki.

Da dangwale muke yi. Yau albarkacin ajin yaƙi da jahilci, sai mun karanta.