Littafin Girkin Bazara Yana Hannun Iyayenmu Mata

Jawabin da aka yi a taron ƙungiya

Dattawanmu, iyayenmu mata, ƴan'uwa na gida da na birni, muna gaishe ku da zafin bazara.

Ƴaƴanmu ƴan lakwal sun tambaye mu, wai wane littafin girki ya fi dacewa da lokacin zafi. Mun duba waɗanda ake sayarwa a Yamai, galibinsu da Faransanci. Littattafai ne masu kyau, amma an rubuta su don ƙasar da lokacin zafinta shi ne lokacin da lambu ke cika da ɗanyen ganye, kuma kowane gida da firiji. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, rumbu ya fara sauka, miyar safe kan lalace kafin la'asar. Littafin da ya san wannan hali ba a buga shi ba tukuna. Yana cikin kawunan iyayenmu mata.

Ku dubi hura. A surfe gero, a wanke, a daka da citta da kanumfari da masoro, a dunƙula, a dafa, a sake kirɓawa a turmi. Dafuwa ɗaya da safe, an huta da murhu har yamma. Wanda ya ji ƙishi ko yunwa sai ya dama da nono. Ku dubi kunun tsamiya da ruwan yakuwa: abu mai tsami yana kashe ƙishi, kuma ba ya saurin lalacewa. Ku dubi randa irin ta Mirriya: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi ba da lantarki ba.

Miyar bazara kuma tun kaka ake tanadinta. Kuka, lalo, kuɓewa, tafasa da zogala, duk an shanya an adana. Albasa irin ta Galmi a yi gabu da ganyenta, ƴaƴan yakuwa a yi daddawar batso. Haka kilishin Madawa da cukun ƙasar Tawa: hikimarsu ɗaya ce, a raba abinci da ruwa don ya jure zafi.

Dattawa, kun fi mu sani cewa wannan ilimi ya wuce daɗin baki. A yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, da ta 2005, mutane da yawa sun rayu da dilo, wato ƴaƴan anza. Amma dilo ba ya ciwuwa sai an jiƙa shi kwanaki, ana zubar da ruwan ana sakewa, har ɗacin ya fita. Wanda bai koya ba ba zai iya ba. Yau a birni ƴan mata nawa suka san wannan? Duk tsohuwar da muka kai makwanci, da shafukanta take tafiya.

Saboda haka ga shawararmu. Kowane gida ya sayi littafin rubutu guda. Idan babban hutu ya zo, yaran da za su gida su zauna gaban kakanninsu, su rubuta sunan abinci, da kayan haɗinsa, da ma'auni, tiya ce ko ƙoƙo ko ludayi, da yadda ake gane ya nuna, da kwana nawa yake yi bai lalace ba. A rubuta da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Mai waya ya ɗauki muryar tsohuwa, in ta yarda. A kawo wa magatakarda, mu kuma mu riƙa buga girki ɗaya a kowace fitowa ta wannan takarda, tare da faɗin gidan da ya fito.

Iyayenmu mata, ku yi haƙuri da tambayoyin yara, kada ku ɓoye musu komai. Maza kuma kada mu ce zancen mata ne, gama tare muke sha. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya kai mu damina lafiya, ya ba mu wadda ta fi ta bara albarka. Wassalam.