Gyambon Fuska da Ba Ya Warkewa: Gano Sankarar Gindin Fata



A 1827 wani likitan ido a Dublin, Arthur Jacob, ya bayyana wani miki da ke kama fatar ido da fuska, yana cin nama a hankali kamar gara. Sai a farkon ƙarni na 20 Edmund Krompecher na Budapest ya alaƙanta shi da ƙwayoyin da ke can gindin shimfiɗar fata ta sama. Wannan ita ce sankarar da likitoci ke taƙaita sunanta da BCC, kuma a tsakanin Turawa babu ciwon dajin da ya kai ta yawa. Da wuya ta bazu zuwa huhu ko ƙashi. Ɓarnarta a inda ta tsiro take: hanci, kunne, kusurwar ido. In aka bar ta, har ƙashin fuska tana ci.

Babban sanadinta hasken rana ne da ya taru a fata shekara da shekaru. A 1996 aka gano cewa lalacewar ƙwayar gado mai suna PTCH1 ce ke jawo cutar da Gorlin da Goltz suka bayyana a 1960, wadda masu ita ke fitar da wannan sankara tun da ƙuruciya. Daga baya aka ga irin wannan lahani a yawancin sauran masu ciwon. Sanin haka ne ya haifar da maganin vismodegib, wanda Amurka ta amince da shi a 2012 don ciwon da ya gagari fiɗa.

Inda nake so mu tsaya shi ne ganowa. Hoton da littattafai suka koya mana na farar fata ne: ƙurji mai sheƙi, gefensa a naɗe, siraran jijiyoyin jini kwance a kansa. A baƙar fata ciwon bai cika aukuwa ba, amma in ya zo, galibi da duhun launi yake zuwa, sai a ɗauke shi tawadar Allah ko tabon wani tsohon ƙurji. Majiyyaci zai ce maka, "Likita, yana yin ɓawo, ya faɗi, ya yi jini, ya sake dawowa." A ganina wannan magana kaɗai ta isa a yanki nama a kai ɗakin gwaji, maimakon a sake rubuta man shafawa. Tabarau mai fitila na duba fata yana taimakawa, amma hukunci na madubin ɗakin gwaji ne, inda ake ganin ƙwayoyin sun yi curi-curi, na gefe sun jeru reras.

A ƙasashenmu zabaya ne ciwon ya fi shafa, domin fatarsu ba ta da sinadarin da ke tare rana, ga noma da talla a tsakar rana. Su kuma wata sankarar, ta ƙwayoyin saman fata, tana yawan kama su, ta fi wannan saurin bazuwa, kuma da ido ba kullum ake bambance su ba. Fiɗar Mohs, wadda ake yanka ana dubawa har a kai nama mai lafiya, tsada da ƙarancin ƙwararru sun nisanta ta da mu. Abin da ke hannunmu shi ne a cire ciwon tun yana ƙarami tare da ɗan nama na kewaye, sannan rahoton gwaji ya faɗi ƙarara ko gefen yankan ya fita tsaf. In bai fita ba, a kira majiyyaci ya dawo.