Ginin Kimiyya Mai Tara Jama'a: Abin da Aka Gwada a Harvard, MIT da Ife

Idan kwamitin gine-gine na jami'a ya zauna tsara sabon ginin tsangayar kimiyya, lissafin da ke gaban kowa sananne ne: ɗakin gwaje-gwaje nawa za a samu, ofis nawa, zauren lacca mai cin mutum nawa. Da wuya a ji wanda ya tambayi inda mutanen cikin ginin za su riƙa cin karo da juna, balle dalilin da zai sa ɗalibin Shari'a ko na Tarihi ya taka ƙafarsa ciki. Hujjar da wannan takarda ke gabatarwa ita ce, wuraren da ba a cika damuwa da su a takardar kwangila ba, wato lungu, matakala, baranda, wurin shan shayi da hawan ƙasa, su ne ke sa gini ya raya harabar jami'a, ko kuma ya mutu murus da zarar an tashi daga aiki.

Misali na farko yana Jami'ar Harvard ta Amurka. A farkon shekarun 1970 aka buɗe Cibiyar Kimiyya ta jami'ar, wadda Josep Lluís Sert ya zana, da gudummawar kuɗi daga Edwin Land, mai kamfanin Polaroid. Ginin kankare ne mai hawa-hawa, kuma ba kowa ke ganin kyansa ba; ɗalibai sun daɗe suna tsokanar cewa an kwaikwayi siffar kyamarar mai kuɗin ne. To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Sert ya dasa ginin daidai bakin tsohuwar harabar da sababbin ɗalibai ke kwana, a kan hanyarsu ta zuwa sassan da ke arewa, sannan ya mai da hawan ƙasa hanyar wucewa. Manyan zaurukan lacca, laburaren kimiyya na Cabot da wurin cin abinci duk a kan wannan hanya ƙofofinsu suke. Shekaru da dama wani ɓangare na Mark I, ɗaya daga cikin kakannin kwamfuta, yana ajiye a nan inda mai wucewa zai tsaya ya leƙa. Ofisoshin malaman lissafi da sauran wuraren da ke bukatar natsuwa kuwa suna sama.

Filin da ke gaban ginin a kan titi yake, motoci na bi ta ƙarƙashinsa. A 2013 aka sake tsara shi, aka sa kujeru da tebura, ya zama wurin da motocin sayar da abinci ke tsayawa, manoma kuma su kasa kayan lambu a lokacinsu. Wanda bai taɓa ɗaukar kwas ɗin kimiyya ba ma ya san wurin, domin ta nan yake wucewa.

Kusa da nan, a jami'ar MIT, an taɓa yin ginin da ya yi wannan aiki ba tare da kowa ya nufe shi da hakan ba. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi gaggawar kafa wani gini na katako mai hawa uku domin masu binciken na'urar rada. Ko suna ba a ba shi ba, lamba kawai: Gini na 20. Niyyar ita ce a rushe shi da an gama yaƙi, amma sai da ya kai 1998 a tsaye. Rufinsa na yoyo, da bazara zafi, da hunturu sanyi. Saboda babu mai ganin darajarsa, duk wanda aka rasa inda za a sa shi sai a tura shi can. Ta haka masana harshe irin su Noam Chomsky da Morris Halle suka zama maƙwabtan masu binciken sauti da lantarki, har da ƙungiyar ɗalibai masu wasa da ƙananan jiragen ƙasa, wadda daga cikinta aka samu wasu daga cikin gwanayen kwamfuta na farko. Amar Bose, wanda daga baya ya kafa kamfanin lasifika mai sunansa, ya yi gwaje-gwajen sauti a ciki.

Abu biyu suka sa ginin ya yi albarka. Na farko, mutum na iya taɓa shi. Wayoyi da bututu a fili suke a jikin bango, mai bukata ya jawo abinsa ba tare da ya rubuta takarda ba. Lokacin da Jerrold Zacharias yake aikin agogon atom, kayan aikinsa suka fi ɗakin tsayi, sai kawai ya fasa daɓen benen da ke samansa. Na biyu, ginin shimfiɗe yake da dogayen lunguna, lambobin ɗakunansa kuma masu rikitarwa, saboda haka mutane kan ɓata hanya su faɗa ofishin wanda ba su zo nema ba, hira ta ɓarke.

Wani zai ce wannan labarin tsofaffi ne masu kewar ƙuruciya. Akwai alƙaluma a bayansa. Thomas Allen na MIT ɗin ya auna yadda injiniyoyi ke magana da juna a wuraren bincike, ya wallafa sakamakon a 1977. Ya gano cewa mutum ya fi yawan tattaunawa da wanda ke zaune kamar mita 2 daga gare shi kusan ninki huɗu a kan wanda ke mita 20, kuma bambancin hawan bene ya fi wannan raba mutane. A harabar Jussieu da ke Faris, aikin cire asbesto da aka fara a ƙarshen shekarun 1990 ya tilasta a riƙa sauya wa ɗakunan gwaje-gwaje wuri, ba bisa zaɓin masu su ba, sai bisa tsarin aikin 'yan kwangila. Wani mai bincike, Christian Catalini, ya bi diddigin abin da ya biyo baya, ya samu cewa ɗakunan da suka tsinci kansu kusa da juna sun fi yiwuwar yin aikin haɗin gwiwa da ninki 3.5. Ke nan mai zanen da ya raba masu ilmin sinadarai da masu ilmin halittu da bene biyu, ya riga ya sa hannu a irin binciken da jami'ar za ta yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Masanin kimiyya Max Perutz ya fahimci haka tun kafin a auna. Da aka buɗe ɗakin binciken ƙwayoyin halitta na LMB a Kambirij ta Ingila a 1962, ya nace sai an yi wurin cin abinci a hawan ƙarshe, matarsa Gisela kuma ta kula da shi sama da shekara 20. Da hantsi a hau shan gahawa, da rana abinci, da la'asar shayi, kuma babu teburin manya daban. Ɗalibin da ya zo jiya yana iya samun kansa kusa da manyan masana irin su Francis Crick ko Fred Sanger da faranti a hannu. Ayyukan da aka yi a LMB sun jawo kyautar Nobel 12. Ba wanda zai ce shayi ne ya kawo su, amma da aka koma sabon gini a 2013, an sake ɗora wurin cin abincin a sama.

Sai dai a yi hattara, domin an sha wuce gona da iri. Louis Kahn ya zana ɗakunan binciken likitanci na Richards a Jami'ar Pennsylvania, masu zanen gini suka yi ta yabo a farkon shekarun 1960, masu aiki a ciki kuwa suka shiga manna takarda da falle-fallen alminiyam a manyan tagogin, don rana na kashe musu ido tana dumama kayan gwaji. Ƙura kuma na zubowa daga bututun da aka bari a buɗe a sama. Kahn ya ɗauki darasi. A Cibiyar Salk da ke Kalifoniya, wadda aka kammala a 1965, ya ware wa bututu da wayoyi hawa na musamman tsakanin kowane hawan gwaje-gwaje da na samansa, yadda mai gyara zai shiga da tsayuwarsa ya yi aiki ba tare da an tsai da bincike ba. Ya bar ɗakunan gwajin fayau babu ginshiƙi a tsakiya, ya keɓe wa malamai ƙananan ɗakunan tunani daban, ya kafa allunan rubutu a wuraren wucewa don gardamar da ta taso a hanya ta samu inda za a zana ta. Cibiyar Francis Crick ta Landan, da aka buɗe a 2016, ta bi tsarin buɗe komai, kuma shekara guda bayan haka jaridun Birtaniya suka ruwaito cewa wasu masu bincike na kukan hayaniya ta hana su tattara hankali. Haɗuwa na da amfani ne ga wanda yake da ƙofar da zai rufe bayan an gama hirar.

A gurbin Gini na 20, MIT ta gina Cibiyar Stata, zanen Frank Gehry, aka buɗe a 2004 kan kuɗi kusan dala miliyan 300. An yi ƙoƙarin maido da ruhin tsohon ginin da gangan: hawan ƙasa doguwar hanya ce ta ɗalibai mai azuzuwa, wurin cin abinci, wurin motsa jiki da allunan alli, har da wurin renon yara a cikin ginin. Wannan ɓangare ya karɓu. Amma bangayen nan masu karkace-karkace da suka sa hotonsa ya zaga duniya sun zo da nasu ciwon kai. A 2007 jami'ar ta kai mai zanen da kamfanin ginin kotu kan yoyo, tsagewa da funfuna, aka sasanta a 2010. Kuma ba a tunanin wani malami zai ɗauki zarto ya fasa daɓen ginin dala miliyan 300.

Yawancin waɗannan misalai na wuraren sanyi ne, inda ake tara mutane a cikin gini don a tsere wa ƙanƙara. A Najeriya abin da ake gudu daban ne, kuma an yi tunaninsa tun da daɗewa. A Ibadan, Maxwell Fry da Jane Drew sun lulluɓe laburaren jami'a da bangon siminti mai huji-huji a shekarun 1950, iska na ratsawa, rana na tsayawa a waje. A Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, Arieh Sharon ya yi gine-ginen da kowane hawa ya fi na ƙasansa faɗi, na sama na yi wa na ƙasa inuwa da kariya daga ruwan sama, aka kuma haɗa su da hanyoyi masu rufi. Abin da ya fito daga wannan shi ne inuwa mai yawa a ƙasa, wadda ɗalibai ke zama cikinta ba tare da an kunna ko fanka ba.

Kwafe Ife a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri kuskure ne. Can damshi ake yaƙi da shi, nan kuwa zafin Afrilu mai haura digiri 40 da ƙurar hunturu, wadda ba ta jituwa da madubin ganin ƙwayoyin cuta ko ma'aunin sinadarai. Faffaɗan filin dutse mara itace ko ɗaya da ake yaba wa Salk, idan aka shimfiɗa shi a nan, ƙadangaru ne kaɗai za su more shi da azahar. Abin da ya dace shi ne a raba ginin gida biyu. Ɗakunan gwajin da ke bukatar rufewa da na'urar sanyaya ɗaki a tattara su wuri ɗaya, a matse su, domin irin waɗannan ɗakuna na fitar da iskarsu waje ne gaba ɗaya saboda tururin sinadarai, shi ya sa suke shan wuta fiye da ofis nesa ba kusa ba, kuma kowane mita da aka ƙara musu man janareta ne. Sauran ginin kuwa ya rayu da inuwa: dogayen ɓangarorinsa su fuskanci kudu da arewa, bangon gabas da na yamma su yi kauri da ƙarancin taga, tsakar gida ta kasance matsattsiya yadda bangayen za su riƙa yi mata inuwa. Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun san wannan rabo sarai. Zaure na kowa ne, baƙo ya shiga ya zauna a sanyi a gaisa, amma ba ya zarcewa cikin gida sai da izini. Hawan ƙasan ginin kimiyya aikin zaure ya kamata ya yi.

Wanda ya zaga kowace tsangayar kimiyya a Arewa da misalin sha ɗaya na safe zai ga inda rayuwar take. Ɗalibai sun jeru a kan tubalan da 'yan kwangila suka bari a gindin darbejiya, farar rigar gwaji a naɗe a kan cinya, ana kwafar rahoton da za a miƙa da sha biyu. Gefe guda mai hoton takardu ya kafa rumfar kwano ya jawo waya ta taga, mai shayi da mai ƙosai na bayansa. Babu ɗayansu a cikin zanen ginin, amma kullum suna nan, saboda bukatar gaske ce ta kawo su. Mai zanen da ya ware musu shaguna huɗu ko biyar a ƙarƙashin baranda, da soket da famfo da kujerun siminti a inuwa, ya samar da abin da Perutz ya nema a Kambirij da kuɗi kaɗan. Haka wurin alwala da salla. Azahar da la'asar na sauko da farfesa da ɗalibi da mai kula da kayan gwaji wuri guda kowace ranar aiki, kuma idan aka sa wurin kusa da na cin abinci, inda abokan aiki Kiristoci ma suke, tsayuwar bayan sallama na iya zama mafi amfanin minti goma a yinin. Ɓangaren mata da banɗakinsu mai ruwa ba ƙari ba ne da za a bari sai kuɗi ya ragu. Rashinsu ne ke sa ɗaliba ta koma hostel da rana ta ƙi dawowa.

Yawancin sababbin gine-ginen jami'o'in gwamnati a Najeriya da kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ake yin su, kuma kasafin kowane aiki na da iyaka. Idan farashin siminti da rodi ya tashi ana tsakiyar aiki, abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne faɗin baranda da rufin hanya, tunda babu shugaban sashen da zai tashi ya kare su a taro kamar yadda zai kare ofishinsa. Shawarar wannan takarda ita ce a rubuta su cikin sharuɗɗan aikin tun farko da awonsu, a rage ado a fuskar gini idan ragi ya zama dole.

Saura batun makulli. Ana kulle ginin kimiyya da yamma ne saboda akwai asid da gas da kayan miliyoyin naira a ciki, kuma mai gadi na da gaskiya. Maganin yana hannun mai zane: matakalar da ke hawa zuwa ɗakunan gwaji ta samu ƙofarta daban wadda za a datse da ƙarfe biyar, zaurukan karatu da banɗaki da barandar ƙasa kuma su kasance a wajen wannan ƙofa, a kan layin wutar sola nasu na kansu, yadda mai karatun jarrabawa zai zauna har sha ɗaya na dare ko da an kashe babban janareta.