Kafin ki ɗauki rance ki sayi janareta

Na san akwai waɗanda suka baro surfe da tukunya a kan wuta, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

A zamanmu na baya, mata uku sun ce suna son rance don sayen janareta. Ɗaya firiza take son kunnawa ta sayar da ƙanƙara da zoɓo, ɗaya cajin waya, ɗaya kuma yara ne ba sa iya barci da bazara. Duk dalilai ne masu kyau. Wutar KEDCO, wadda har gobe muke ce wa NEPA, kun san halinta a nan Gagarawa, wasu ƙauyukanmu ma ko turke ba a kafa ba. Amma kuɗin akwatin nan guminmu ne gaba ɗaya, dole mu yi lissafi kafin a buɗe shi.

Abu na farko, me za ki kunna? Kowane kayan wuta yana da adadin ƙarfin da yake ja, ana ce masa wat, kuma a rubuce yake a jikinsa. Ki sa yaron da ya iya karatu ya duba miki. Ƙwan fitila na zamani yana jan kamar wat 10, fanka kamar 60, talabijin kamar 80, cajar waya kamar 10. To ƙwai uku, fanka biyu, talabijin ɗaya da waya biyar sun kama wat 280. Ƙaramin injin nan da aka fi sani da Tiger yana ba da kamar wat 650, kun ga zai ɗauka har da ragi.

Firiza kuma daban take. Tana iya aiki da wat 150, amma lokacin da za ta tashi takan ja ninki uku ko fiye. Nan ne ƙaramin inji yake shaƙewa, har ya lalata firizar. Dutsen guga kuwa daga wat 1,000 yake farawa, kada ma ki gwada. Mai son firiza ta nemi inji mai wat 2,000 zuwa sama. Kuma lambar da ake mannawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali sau da yawa ta fi ainihin ƙarfin injin. Ki ce wa mai shago: nawa yake ɗauka idan zai yini yana aiki?

Abu na biyu, mai. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa. A ce injinki yana shan rabin lita a awa, kina kunna shi awa huɗu kullum. Lita biyu ke nan a rana, lita 60 a wata. A ce lita naira 1,000 ce, kin ƙona naira 60,000 a wata, ban da baƙin mai, filogi da kuɗin makanike. Yanzu ki tambayi kanki: cinikin zoɓo zai biya wannan, ya biya rance, ya bar miki riba? Ki tuna ƙanƙara kasuwarta bazara ce da azumi. Da hunturu wa zai saya? Rance kuwa ba ruwansa da sanyi.

Shi ya sa nake cewa, idan fitila, fanka da caji ne kawai buƙatarki, ki taya sola kafin ki yanke shawara. Rana dai Allah ya hore mana ita kyauta. Batirinta ne ke gajiya bayan wasu shekaru, sai ki riƙa ware ɗan abu saboda ranar canza shi.

Abu na uku, wajen saye. Ko Gumel za a je, ko Maigatari ranar Alhamis, ko Kano, a tafi da makanike wanda aka yarda da shi. A tayar da injin a gabanku, a jona masa kaya, a karɓi rasit. A tabbatar ana samun kayan gyaransa a kusa. Araha ba ta ado. A kuma tambaya ko irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, domin idan kika zuba masa fetur zalla, kin kashe shi.

Na ƙarshe shi ne mafi girma, don maganar rai ce. Hayaƙin janareta yana ɗauke da guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum yana barci za ta tafi da shi, ta tafi da ɗaki guda. Kada a kunna shi a ɗaki, ko zaure, ko gindin taga, ko da ana ruwa, ko don tsoron ɓarayi. A yi masa rumfa mai iska nesa da makwanci da amfanin gona. Wanda ya ji ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, a kashe inji, a fitar da kowa waje, a nufi asibiti. Kada a ƙara mai sai ya huce, kuma jarkar fetur ta yi nesa da murhu da yara. Wajen haɗa shi da wayar gida, a kira mai gyaran wuta ya sa abin sauya layi.

Duk mai son wannan rance, mako mai zuwa ta zo da amsa uku: me za ta kunna, nawa mai zai ci a wata, daga ina za ta biya. Ta yi shawara da maigida tukuna, sai mu duba tare. Allah ya sa albarka a abin da muke tarawa. Akwai mai tambaya?