KAFIN A ƊAURE KAYA ZUWA KALABA: Jawabin Kwamitin Dattawa A Taron Ƙungiya

 



Dalilin wannan jawabi ba ɓoyayye ba ne. A 'yan watannin nan matasanmu da dama sun zo wurin kwamiti neman takardar shaida, kowa ka tambaya ina ya nufa sai ya ce Kalaba. Waɗansu har sun sa rumfunansu a kasuwa. An ce musu wai garin 'yan yawon shaƙatawa ne a bakin teku, kuɗi kamar a tsinta a ƙasa. Saboda haka uwar ƙungiya ta ɗora mana nauyi, mu da muka taɓa zama can ko muke kai kaya, mu faɗi abin da muka sani. Ba mun zo hana kowa tafiya ba ne, mu ma ai tafiyar ce ta kawo iyayenmu nan Badun. Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Da farko dai a san garin da masu shi. Kalaba ita ce hedkwatar Jihar Kuros Riba, tsohon gari ne ƙwarai, can Turawa suka ajiye hedkwatar mulkinsu ta Kudancin Nijeriya kafin su mayar da ita Ikko a 1906. Ƙabilu uku ne masu ƙasa, watau Efik da Efut da Kuwa, kowace da sarkinta. Na Efik shi ake kira Obong. Mafi yawan mutanen garin Kiristoci ne. Sa'an nan kuma, duk da ana cewa bakin teku, garin a kan kogi yake, sai an yi tafiya a ruwa kafin a fita teku sosai. Wannan ya sa tashar jiragen ruwansu ba ta kai ta Apapa hada-hada ba, domin manyan jirage na shan wahalar shigowa sai an yashe hanya. Wanda ke tsammanin zai sami dako da lodi irin na Ikko, to ya rage buri.

Hausawa ba baƙi ba ne a can. Unguwar Bogobiri da ke tsakiyar gari ta haura shekara ɗari, akwai Sarkin Hausawa, akwai masallacin Juma'a, nan ne matattarar 'yan canji da masu tsire. A bayan gari kuma akwai Nasarawa, wajen Bakoko, inda harkar dabbobi take. Duk wanda ya sauka, wajibi ne ya fara kai gaisuwa wurin shugabanni, ya nuna takardar da muka ba shi, a san sunansa da sana'arsa da wanda ya tsaya masa. Da ɗan gari akan ci gari. Ran da wata magana ta taso da hukuma, wanda ba a sani ba shi ake bari a baya.

Abu na biyu shi ne ruwan sama, kuma jama'a a saurara da kyau, domin nan ne jarin mutane da yawa ya narke. Mu nan Badun muna ganin muna shan ruwa, to na Kalaba ya ninka namu. A shekara akan sami kusan milimita 3000, alhali Kano ba kasafai take kai 1000 ba. Damina takan kama tun wajen watan Maris har Nuwamba, hunturu kuwa ɗan leƙowa yake yi ya wuce. Iskar garin a jiƙe take kullum. Albasa ta kwana biyu a rufe sai ta fara tsiro ko ruɓa, wake ya yi ƙwari, barkono da kuka da kuɓewa busassa su yi fumfuna, kilishi ya yi laushi, takalmin fata ya yi fari-fari, ƙarfe kuwa tsatsa ta cinye shi.

Akwai wani yaronmu, ba za mu kama suna ba, yana nan zaune cikinku kuma da izininsa muke faɗa. Ya sayar da rumfarsa, ya haɗa da bashin surukinsa, ya yi lodin albasa ya nufi Kalaba cikin watan Yuli. Mota ta kwana uku a hanya, ruwa na dukan tamfol. Da ya isa bai tanadi wurin shanyawa ba, sai ya jibge a wani shago marar taga. Kafin mako ya zagayo fiye da rabi ya zama na zubarwa, har maƙwabta suka kai ƙararsa saboda wari. Kuɗin motar dawowa ma 'yan'uwa ne suka haɗa masa a masallaci. Ba rashin ƙoƙari ne ya kayar da shi ba, rashin tambaya ne. Saboda haka mai kayan gwari ya ɗauko daidai abin da zai sayar a 'yan kwanaki, ya sami shago mai iska, ya ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Ruwan nan kuma shi ke kawo sauro rani da damina. Gidan sauro ba ado ba ne a can. Mai mata da ƙananan yara ya tanade shi tun kafin katifa, in zazzaɓi ya kama yaro a yi gwaji a asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe har ya galabaita.

Abu na uku, maganar kasuwa. Abin da ya ja hankalin yaranmu shi ne hotunan bikin kanibal da suke gani a waya. Gaskiya ne, tun da Gwamna Donald Duke ya fara wannan biki a 2004, watan Disamba garin cika yake yi maƙil, otal-otal ba masaka tsinke, mai tsire da mai shayi da ɗan canji duk suna samu. To amma shekara wata goma sha biyu ce. Idan Janairu ta kama baƙi sun watse, sai gari ya koma na ma'aikatan gwamnati da 'yan makaranta, musamman na Jami'ar Kalaba. Ciniki yakan motsa in an yi albashi, ya kwanta in an yi jinkiri, in jami'a ta tafi hutu ko yajin aiki masu rumfa a kewayenta su ji a jikinsu. Bikin kansa ma ba tabbas ne da shi ba, a 2020 da 2021 ba a yi shi ba saboda annobar korona.

A kuma sani, jihar ba ta cikin masu wadatar kuɗin mai kamar maƙwabciyarta Akwa Ibom. Bayan an miƙa yankin Bakasi ga Kamaru a 2008, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2012 wanda ya raba Kuros Riba da rijiyoyin mai 76. Katafaren wurin kasuwanci da shaƙatawa na Tinapa da aka buɗe a 2007, wanda aka ci wa buri mai yawa, bai kawo cinikin da aka zata ba. Obudu da ake ta yabo kuwa can arewacin jihar take, kusa da iyakar Binuwai, tafiyar sa'o'i masu yawa ce daga Kalaba. Mun kawo waɗannan ne don mai lissafi ya yi lissafinsa a kan watan Yuni, ba watan Disamba ba. In cinikin damina zai riƙe ka da iyalinka, to bismilla, na Disamba ya zama riba.

Masu niyyar tafiya da babur don acaɓa, ku ji da kyau: gwamnatin jihar ta hana acaɓa a cikin birnin tun 2009. Kada wani ya ce maka ai ana yi a lungu, ranar da aka kama mashin ɗin ba zai bi ka ofis ba. Ko Keke Napep ne, a tambayi titunan da aka yarda ya bi da irin rajistar da ake bukata. Masu tallar kafaɗa da masu baro su sani garin ya yi suna wajen tsafta, jami'ai ba sa wasa da kasa kaya a bakin titi. Manyan kasuwanni su ne Watt da Marian, kowace da ƙungiyoyinta da kuɗin shiga. A biya ta hannun shugabanni, a karɓi rasit. 'Yan jari-bola kuma, don Allah a guji sayen wayar lantarki da murfin kwalbati da duk ƙarfen da ba a san asalinsa ba. Mutum ɗaya ke jawo wa unguwa guda baƙin jini.

Abu na huɗu, hanya. Daga nan sai an bi Ore, Benin, Asaba, a haye gadar Anaca, a wuce Owerri da Aba da Ikot Ekpene, sa'an nan a kama hanyar Itu zuwa Odukpani. Wannan yanki na ƙarshe ya daɗe yana ba direbobi kashi, musamman da damina in tirela ta faɗi ta tare hanya. Masu tasowa daga Arewa kuwa sukan biyo Makurɗi, Gboko, Ogoja, Ikom da Ugep. An fara aikin babbar hanyar bakin teku daga Ikko zuwa Kalaba a 2024, amma kada kowa ya gina lissafinsa a kanta sai ya ga motoci na bi. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin lodi ya haura sosai, a sa shi cikin farashi tun daga gida. Masu ratsa ƙasar Ibo su tambayi direbobi halin da ake ciki game da zaman gida na ranar Litinin da aka fara a 2021, kuma a guji tafiyar dare. Kowa ya riƙe katin shaidar ɗan ƙasa a jikinsa. Kada a ɗauki wuƙa ko adda ko bindigar farauta a mota. Ba mu manta da 'yan'uwanmu mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo cikin watan Maris na 2025 ba, Allah Ya jiƙansu. Wanda zai hau jirgin ruwa zuwa Oron ya sa rigar ruwa, ya tafi da rana. Mai sha'awar ƙetarawa Kamaru kuma ya tuna ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, ba kamar shiga Kwatano ba ce, a cika takardu.

Abu na biyar, muhalli. Kada ka biya kuɗin haya sai ka ga mai gida ido da ido, an rubuta yarjejeniya, shaidu sun sa hannu, ɗaya daga cikinsu ya kasance mutumin da shugabannin Hausawa suka sani. Yawanci na shekara ake nema, ga kuɗin dillali a kai. In da hali a duba gida ranar da aka yi ruwa, a dubi bango a ga inda ambaliya ta taɓa kaiwa, a tambayi bashin wuta da ke kan mita. Game da sayen fili, filaye da yawa na dangi ne, ɗaya ya sayar maka gobe ɗan'uwansa ya fito. A nemi lauya, a bincika a ma'aikatar filaye, domin bisa dokar 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, takardar mai unguwa kaɗai ba ta isa ba.

Abu na shida, addini da tarbiyya. Mutanen Kalaba gwanayen girki ne, amma a gidajen abincinsu akan sami naman daji da na alade, har da na kare wanda suke kira 404. Abincinsu ne, ba mu da hurumin zagi ko tofar da yawu, namu shi ne mu tambaya kafin mu ci, nama kuma a saya wurin mahautanmu. Gari ne na shaƙatawa, mashaya a buɗe take, saurayin da ba mai kwaɓarsa yana iya narkar da jarinsa cikin wata guda. Mai ɗaukar iyali ya fara tabbatar da akwai Islamiyya kusa, ya kuma sa yara a boko, ga makarantu nan birjik. Kada a kwashi almajirai a kai su ba malami ba masauki.

Na ƙarshe, zama da mutane. Suna da ƙungiyar gargajiya mai ƙarfi da ake kira Ekpe, idan dodonsu ya fito a kauce, kada a yi dariya, kada a ɗaga waya ana ɗauka. A koyi Turancin buroka da 'yar gaisuwa cikin Efik, ko da "sosongo" ce, watau na gode, za ku ga yadda fuska ke sakewa. Lokacin biki a tsare yara a gida. A watan Disamba na 2022 mota ta kutsa cikin 'yan kallo a Bogobiri ranar wasan masu babura, aka yi asarar rayuka. In rikici ya tashi, kamar fashe-fashen da suka biyo bayan zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, a rufe shago a bi umarnin shugabanni, kada a taɓa kayan kowa.

To jama'a, shawarar kwamiti a taƙaice ita ce: mai son tafiya ya fara zuwa shi kaɗai, da damina, ya yi wata biyu ko uku a ƙarƙashin wani. Kada ya sayar da rumfarsa ta nan, ya ba ɗan'uwa riƙo. Ya ware kuɗin mota na dawowa ya ajiye wurin amintacce. In ya ga da hali, sa'an nan ya dawo ya ɗauki iyali, ya sallami masu binsa bashi, ya nemi albarkar iyaye. Daga yau kuma sakatare ba zai ba kowa takarda ba sai ya faɗi wanda zai sauke shi a can, mun kuma yi magana da mutumin. Ba tsanani ba ne, mun gaji da haɗa kuɗin dawo da 'ya'yanmu ne.

Wanda ke da tambaya ya same mu a ofishin ƙungiya bayan sallar La'asar ranar Lahadi. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana. Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya. Amin.