Kalmar Charge da Kayan da Take Ɗora Mana: Jawabin Magatakarda a Taron Zagayowar Shekara

Mai girma shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, direbobi da 'yan kamasho, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan tafiya, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.

Da shugaba ya ce in ce wani abu, na san ba tarihin ƙungiya zan kawo ba, domin ga waɗanda aka yi komai a gabansu nan zaune. Ni aikina takarda ne. Don haka zan yi magana a kan kalma guda ta Ingilishi, wadda da wuya a kawo mini takarda ofis ban ci karo da ita ba. Ita ce charge, wadda bakinmu ya mayar caji.

Ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san ta. Muna sa waya a caji. Banki yana yankar mana caji. Idan rigima ta yi tsami a tasha, sai a ce a tafi caji ofis. To, me ya haɗa wutar batir da kuɗin banki da ofishin 'yan sanda?

Asalin kalmar daga Latin ne, daga sunan amalanke. Ta shiga Faransanci da ma'anar loda wa amalanke kaya, daga can Ingilishi ya aro ta. Car da cargo da carry duk 'yan gida ɗaya ne da ita. Idan kun riƙe wannan, sauran ya zo da sauƙi, domin mu ma muna da kalmar da ke irin wannan aiki, wato ɗora. Ana ɗora wa jaki kaya, ana ɗora wa mutum haraji, ana ɗora masa laifi, ana ɗora masa nauyin jama'a. Haka charge take. Idan aka ce wane ne in charge, shi aka ɗora wa alhakin wurin. Idan aka ce free of charge, ba a ɗora maka ko sisi ba. Duk inda ka gan ta, akwai abin da aka ɗora, akwai kuma wanda aka ɗora wa. Abin tambaya kullum: mene ne, kuma a wuyan wa?

Inda ta fi cin mu shi ne wajen kuɗi. Kuɗin da ake karɓa a hannun ɗan kasuwa kowanne da sunansa na yanka. Duty shi ne kuɗin fito, na kwastan ko duwan. Levy wani kaso ne da hukuma ke sawa don wata manufa ta musamman. Fee ladan aikin da aka yi maka ne. Toll kuɗin bin hanya ne ko gada. Fine tara ce, ba a biyan ta sai an yi laifi. Demurrage kuɗin jinkiri ne, idan kwantena ta wuce kwanakin da aka ba ta kyauta a tashar ruwa. Commission kuwa la'ada ce, kamasho. Duk waɗannan ana iya lulluɓe su da zane ɗaya a ce charges, kamar yaron mota ya ce maka kaya ne a baya, bai ce buhun wake ba ne ko na siminti.

Ku duba takardar kwastan ta Nijeriya. Bayan kuɗin fito an daɗe ana ɗora wani surcharge na kashi 7 cikin 100, kuma a kan kuɗin fiton ake lissafa shi, ba a kan darajar kayan ba. Idan fitonka naira 1,000,000 ne, naira 70,000 ke nan. Akwai rabin kashi 1 na ECOWAS a kan kayan da suka fito daga wajen ƙasashen ƙungiyar. Akwai VAT, wanda ya koma kashi 7.5 tun 2020. Kowanne da layinsa. Saboda haka idan ajan ya miƙo maka lissafi, a ƙasa ya rubuta other charges ya sa kuɗi dunƙule, ba rashin kunya ba ne ka ce, Alhaji, warware mini wannan ɗaya bayan ɗaya. Na halal yana da suna, yana da rasit. Wanda ake karɓa a bakin shinge a ce caji ne kawai, babu suna babu takarda, duk mun san ainihin sunansa, ba sai na faɗa a gaban iyaye ba.

Mu da muke tsallaka iyaka muna da ƙarin matsala, don Faransanci ma yana da wannan kalma, rubutu iri ɗaya, amma shi ya riƙe tsohuwar ma'anar nauyin kaya. A nan zan tona asirin kaina. Shekarar da na fara aikin nan, wani dattijonmu ya lodo albasa daga Galmi za ta Ghana. Aka tsayar da motar a wani sikelin auna manyan motoci, direba ya turo hoton takardar da aka ba shi. Na hango surcharge a jiki, ɗan Ingilishin da na samo a sakandare ya ce mini ƙarin kuɗi ne. Na ce Baba, a tura wa direba ya biya ya wuce. Ashe a Faransanci surcharge lodi ne da ya wuce ƙa'ida. Ƙasashen UEMOA suna da doka mai lamba 14 ta shekarar 2005, wadda ta ƙayyade nauyin da kowane layin tayoyi zai ɗauka, kuma wanda ya zarce, ban da tara, sai ya rage kayan. Abin da ake buƙata a ranar shi ne a nemo wata mota a kwashe rarar buhunan. Kafin mu gane, mota ta kwana uku a rana, kuma kun san albasa ba ta da haƙuri. Baba bai ce mini komai ba sai Allah ya kiyaye gaba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar, kafin in karanta kalma sai na duba da wane harshe aka rubuta takardar. Haka in kun ga à la charge de a yarjejeniyar Faransanci, ku duba sunan da ya biyo baya, domin shi zai biya.

Saura ta kotu, kuma ita ce ta fi tayar wa iyali hankali. Idan aka ce an yi charging mutum, tuhumarsa ake yi, ba a kama shi da laifi ba tukuna. Na ga gidan da aka fara koke-koke saboda jin wannan kalma a waya. Sai dai a kula da kishiyarta, discharge. A tashar ruwa sauke kaya ce, a asibiti sallama ce. A kotu kuwa idan alƙali ya ce discharged kawai, sau da yawa ana iya sake dawo da maganar. Sai an haɗa da acquitted ne aka wanke mutum. Wanda shari'ar kayansa ta ƙare, ya tambayi lauyansa wanne aka rubuta, ya karɓi kwafi ya adana.

Roƙona ga 'yan'uwa, duk takardar da za ku sa wa hannu ko ku dangwala, in akwai wannan kalma a ciki, ku ɗauki hotonta gaba da baya ku turo ofis, kada ku karanto mini ita ta waya. Ta Ingilishi zan duba da kaina. Ta Faransanci kuwa, tun bayan albasar Baba, sai na kai wa 'yan'uwanmu na Maraɗi mun karanta tare.