Dukan Iyali da Neman Zama Ɗan Ƙasa a Amurka



Da yawanmu muna burin ƙaro ilmi a Amurka, wasunmu har su zauna can. To, mu sani, kafin baƙo ya zama ɗan ƙasa sai hukuma ta binciki halinsa na shekara 5, ko 3 in yana auren 'yar ƙasar. Tun 1996 kuwa doka ta ba da ikon korar baƙon da kotu ta kama da laifin dukan iyalinsa, ko da yana da izinin zama na dindindin. Ashe ke nan takardar neman ita kanta tana iya tono tsohon laifi, ɓoye shi kuma rantsuwar ƙarya ce. Mai wannan tabo ya ga lauya tukuna. Mu kuwa, mu koyi kame hannunmu tun daga gida.